Injin Casar da Ya Sayi Ruwa da Kuɗin Shinkafa: Nazarin Sayen Shanshera a Yankin Kura

Injin casar shinkafar yana wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, a yankin da ruwan madatsar Tiga ke ratsawa ta magudanan noman rani. Matsakaici ne. Yana da tukwanen turara, da injin ɓare ɓuntu mai roba, da na goge ƙwaya, da na tsince tsakuwa, sai sito ɗaya da filin shanya na siminti mai mita 20 a tsawo, 20 a faɗi. In akwai man dizal kuma ba abin da ya lalace, yana cin shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓuntu ba, tan 10 a rana. Masu sarin buhunansa na kilo 50 ba su taɓa yi masa ƙaranci ba. Duk da haka, da aka zauna lissafi bayan kakar damina, kuɗin da suka dawo ba su kai waɗanda suka fita ba, kuma ba a kama kowa da sata ba.

Da farko mai injin ya ɗora laifin a kan tsadar mota, tunda tun bayan cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin ɗauko kaya ya tashi. Hakan ya taɓa ribar, amma bai kai girman ramin da aka gani a littafi ba. Asarar tana can wajen saye, tun kafin ƙwaya ɗaya ta shiga tukunya.

Yadda ake saye a da

Injin yana da dillalai huɗu. Biyu suna zagaya gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam, biyu suna kwarin Haɗeja, wajen Auyo da Kafin Hausa, suna kuma leƙa kasuwar Gujungu. Ana ba kowanne kuɗi a hannu, ya sayi buhu, ya loda, a biya shi la'ada a kan kowane buhun da ya iso. Gwajin inganci ɗaya ne: dillali ya ɗebi ƙwaya ya ciza, in ta yi ƙaras ya ce ta bushe. A bakin sito kuma ƙirga buhu ake yi, a rubuta adadi, 'yan dako su jera.

Wannan tsari yana da ɓaraka uku, kuma kowacce tana ciyar da 'yar'uwarta.

Buhu ba ma'auni ba ne. Da aka fara ɗora buhunan a sikeli, an ga wanda ake kira na kilo 100 yana zuwa daga kilo 70 da 'yan kai zuwa 80 da wani abu, gwargwadon yadda aka danna shi da irin ɗinkin bakinsa. Kuɗinsu kuwa ɗaya. Dillalin da ake biya a kan yawan buhu ba shi da dalilin ƙin buhu maras cika, hasali ma shi ya fi yi masa riba, don kuɗin hannunsa za su saya masa buhu da yawa. Ba a cewa mugu ne. An ɗora shi ne a kan hanyar da amfaninsa da na injin suka raba gari.

Ɓaraka ta biyu ita ce babba, wato danshi. Shinkafar da aka yanka a kan kari tana ɗauke da danshi tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari. Kafin ta zauna a sito lafiya sai ta sauko kashi 14, in kuma za ta yi wata da watanni gara 13. Manomin da ke bukatar kuɗin biyan 'yan yanka da mai injin sussuka ba ya jiran wannan. Yini guda zai baza ta a tamfol, bayan ƙwayar ya bushe, cikinta na nan da ruwa, ya zuba a buhu. Haƙori kan gane wadda ta jiƙe sharkaf, amma ba ya raba kashi 15 da 18, kuma a tsakanin nan kuɗin suke.

Lissafin ba shi da wuya. Ana cire kashin danshin da aka saya da shi daga 100, a raba da 86, a ninka da nauyin. Shanshera tan 100 mai danshi kashi 22, idan ta bushe zuwa 14, saura tan 90.7. Fiye da tan 9 ruwa ne da aka biya kuɗinsa, aka biya motar da ta ɗauko shi, aka biya 'yan dakon da suka sauke shi, sannan rana ta shanye. Idan aka cire ƙasa, tsakuwa, kara da fankon ƙwaya, a ce kashi 4, abin da ya rage bai wuce tan 87 ba. Alhaji mai injin yana lissafin samun kilo 63 na casasshiyar shinkafa daga kowane kilo 100, wato buhu 1,260 masu kilo 50 daga tan 100. Abin da tan 87 zai bayar buhu 1,096 ne. Buhu 164 sun ɓace a kowane tan 100, ba tare da an fasa ƙofar sito ba.

Filin shanya shi ne maƙogwaron injin

Ɓaraka ta uku ita ce aka fi jinkirin ganewa, kuma a ganinmu ita ce zuciyar wannan lamari. Lokacin kaka farashi yana ƙasa, kuɗi na hannu, sai Alhaji ya ba dillalai umarnin su saya iya ƙarfinsu. A makonnin da kaya suka fi yawa, tirela biyu ke sauka a mako, kowacce da kimanin tan 30. Ba wanda ya tsaya ya tambayi inda za a shanya su.

Shanya mai kyau tana son kaurin shimfiɗa kada ya wuce santimita 4, kamar faɗin yatsu biyu, ana juyawa da manjagara kowane rabin awa. A wannan kauri, tan ɗaya na shanshera yana cin fili kusan murabba'in mita 43. Filin injin murabba'in mita 400 ne, don haka tan 9 da ɗan ɗoriya yake ɗauka a shimfiɗa ɗaya. A ƙarshen damina, lokacin da iska ke da laima kuma raɓa ke sauka da dare, jiƙaƙƙiyar shanshera kan ci yini biyu kafin ta sauko. Ke nan a mako filin ba zai busar da abin da ya wuce tan 30 ba, ko da ba a shanya komai a kansa sai ita. Alhali shinkafar da aka turara a tukwane ita ma a wannan filin take bushewa, kuma ita ba ta jira ko na awa ɗaya. Tan 60 na shigowa, filin da ke akwai na rabin haka ne, rabin ma an raba shi biyu.

Sauran sai aka jera su a sito da ruwansu. Jiƙaƙƙiyar shanshera abu ne mai rai, tana numfashi, tana fitar da zafi. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu tsakiyar tarin ya fara ɗumi. Manajan injin ya gano abin ne da safiyar wata rana da ya sa aka janye buhunan gaba, ya kwance bakin ɗaya daga na tsakiya ya tura hannu har gwiwar hannu. Ya fito da shi da gumi, ƙwayar tana manne wa tafinsa, ga wani wari mai tsami kamar na ƙullun da ya kwana. Ya kira mai injin.

"Alhaji, ranka ya daɗe, sa hannunka nan ka ji."

"Subhanallahi. Malam, tun yaushe wannan yake nan?"

"Kwana shida. Na Auyo ne. Fili bai samu ba."

Shinkafar da ta yi irin wannan zafi ba ta komawa daidai. Ƙwayarta kan yi ruwan ɗorawa mai duhu, wata ta yi baƙin tabo, ta yi warin fumfuna, kuma a injin tana karyewa. Wadda aka yi gaggawar shanyawa da kauri a tsakar rana ita ma da nata: sama ya ƙone, ƙasa na jiƙe, in dare ya yi raɓa ta sauka a kan busasshiyar ƙwaya sai ta tsattsage daga ciki. Turarawa mai kyau tana rage wannan illa, ba ta shafe ta duka. Sakamakon shi ne tsaki ya yi yawa, tsaki kuwa ba ya kuɗin tsayayyar ƙwaya. Masu sari biyu sun dawo da kaya saboda launi da wari, sauran suka nemi ragi.

Akwai wata ƙaramar illa da ta biyo baya. Dillalai suna haɗa iri a mota ɗaya, Sipi mai dogon jiki, wato FARO 44, da Jamila da wasu gajeru. Ba lokaci ɗaya suke shan ruwa a jiƙo ba, kuma tazarar robar injin da ta dace da ɗaya tana murƙushe ɗaya ko ta bar ta da ɓuntu. Yashin da ke cikin buhunan kuma ya riƙa cin robar kafin lokacinta.

Gyaran da aka yi

An fara da juya tambayar. Maimakon a tambayi nawa ne a asusu, kowace Asabar manaja yana lissafa tan nawa fili zai iya busarwa a mako mai zuwa bayan an ware wa tukwane nasu, wannan adadi shi ne iyakar jiƙaƙƙiyar shanshera da za a saya. Busasshiya mai kashi 14 ba ta cikin wannan iyaka, ita ko nawa ce a kawo, matuƙar sito zai ɗauka. An ƙara tamfol manya guda shida a kan daɓen da aka share a bayan injin, wanda ya kusa ninka wurin shanya da kuɗi kaɗan.

Sannan aka daina sayen buhu, aka koma sayen kilo. An sayi sikeli mai ɗaukar kilo 300 da na'urar auna danshi ta hannu guda biyu, ɗaya a bakin sito, ɗaya tana yawo da dillalan Haɗeja. Karɓar kaya ta zama kamar haka. Mota na tsayawa, ana soka ƙarfen ɗiban samfur a buhu ɗaya cikin kowane goma, daga sama, tsakiya da gindi, domin mai algus a tsakiya yake zuba ƙasa. A haɗa samfurin a kwano, a auna danshi sau uku a ɗauki matsakaici. A ɗebi kilo ɗaya daidai, a sheƙe, a tankaɗe, a auna dattin da ya fita. Daga nan kowane buhu ya hau sikeli, a cire nauyin buhun kansa.

Farashin da ake sanarwa na shanshera mai danshi kashi 14 ne da datti da bai wuce kashi 2 ba. Duk ɗigo ɗaya na danshi da ya haura, ana rage kilo 1.2 daga kowane kilo 100, wanda shi ne kusan nauyin ruwan da zai tafi. Mai kashi 18 ana biyansa kuɗin kilo 95 da 'yan giram a kan kowane 100. Abin da ya wuce kashi 20 ba a karɓa sai ranar da fili ke fayau. An rubuta wannan jadawali da Hausa da manyan haruffa a allo, aka kafe a bakin ƙofa, kuma na'urar ana juya fuskarta wajen mai kaya ya ga lambar da idonsa. Wannan ƙaramin abu ne da ya kashe rigima da yawa. Kowace safiya ana gwada sikelin a gaban mutane da jarkar ruwa mai lita 20, tunda litar ruwa kilo ɗaya ce, kowa kuma ya san nauyin jarka.

La'adar dillalai ta koma kan busasshen kilo mai tsabta da aka tabbatar a bakin sito. Ana ba su kashi biyu cikin uku ranar sauke kaya, sauran bayan an casa an ga abin da kayan suka bayar. Dillali ɗaya ya ajiye aikin a makon farko, ya ce ba a yarda da shi ba ne. Sauran ukun da suka zauna sun fara yin abin da ba su taɓa yi ba: suna ce wa manomi, "Baba, ƙara mata yini ɗaya a tamfol, gobe in dawo da mota, kuɗinka zai fi." An kuma raba hannu uku a kan kowace mota. Mai saye daban, mai awo daban, mai biya daban, da takarda mai kwafi uku ɗauke da sunan gari, iri, nauyi, danshi da datti. Kowane tari a sito yana da katinsa, a kan katako yake zaune, da tazarar rabin mita daga bango, kuma wanda ya fara shiga shi ke fara fita.

Biya ranar da aka auna ya zama doka. Manoman yankin ba su manta ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ba, lokacin da mai tsabar kuɗi ke sayen kaya a wulaƙance. Wanda ya san zai karɓi kuɗinsa kafin la'asar, a hannu ko ta mai POS na garinsu, ya fi haƙuri da ragin danshi fiye da wanda aka ce ya dawo jibi.

Yarjejeniya da manoma, da inda ta yi tuntuɓe

Don samun iri ɗaya mai tsabta, injin ya ƙulla da ƙungiyoyin manoma uku a noman rani: ya ba da irin Sipi da taki, su biya da shanshera lokacin girbi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Fiƙihu ya san cinikin salam, inda ake ba da kuɗi tun farko a karɓi kaya daga baya, da sharaɗin a san ma'auni, a san nauyi, a san wa'adi. Matsalar injin ita ce a zagayen farko bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. An ce "buhu biyu a kan buhun taki", ba a faɗi kilo ba, ba a faɗi danshi ba, ba a sa rana ba. Da girbi ya zo farashin kasuwa ya haura abin da aka yi tsammani, wasu manoman suka sayar wa 'yan sari da ke tsaye a bakin gona da kuɗi a hannu, suka kawo wa injin ragowar. Irin wannan sayarwa ta bayan fage tana cikin abubuwan da suka wahalar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015, don haka ba halin ƙauye ɗaya ba ne.

A zagaye na biyu aka rubuta komai a gaban mai unguwa da limami. Bashin iri da taki an ƙayyade shi da kilo, a danshi kashi 14, da makon da za a kawo. Abin da ya wuce bashin manomi na da 'yancin sayarwa inda ya so, amma in ya kawo wa injin za a saya a farashin kasuwar ranar, da ɗan ƙari in irin bai gauraya ba. Ƙungiya ce ke lamunin 'ya'yanta, motar injin kuma tana zuwa bakin gona ranar sussuka da buhuna da sikeli. Zuwan motar a ranar ya fi takardar aiki, domin shinkafar da ta kwana a gona ta riga ta ga masu saye uku.

Abin da har yanzu bai daidaita ba

Alhaji yana ganin sayen Kura da na Haɗeja ya raba ƙafa ke nan. Rabin gaskiya ne. Kogin Kano da na Challawa su ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ruwan Tiga da na madatsar Challawa ne ke gangarawa can. Shekarar da ruwa ya yi yawa ko ya yi ƙaranci tana iya taɓa wuraren biyu a lokaci guda, kuma ambaliyar 2022 ta nuna yadda gonakin kwarin Haɗeja ke nutsewa a 'yan kwanaki. Raba ƙafa na gaske sai an sami mai kawowa daga wani kogin daban, kamar Kebbi ko Taraba, kuma a fara hulɗa da shi tun ana zaman lafiya, ko da mota ɗaya ce a wata. Kuɗin mota ya sa har yanzu ba a yi ba.

Sai batun yawan ajiya. Shanshera na zuwa sau biyu a shekara, ta damina wajen Oktoba da Nuwamba, ta rani daga Afrilu zuwa Yuni. Injin mai cin tan 250 a wata yana bukatar abin da zai kai shi daga wannan girbi zuwa wancan, amma cika sito da kayan wata biyar caca ce da farashi. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ya ɗaga darajar shinkafar gida, dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 da gwamnatin tarayya ta sanar a Yulin 2024 kuma ya tura iska ta ɗaya gefen. Babu mai injin ƙauye da ke da hannu a irin waɗannan hukunce-hukunce. Abin da aka tsayar a nan shi ne ajiyar wata biyu zuwa uku, sauran a riƙa saye daga manyan manoma da 'yan sari masu sito, ko da ya ɗan fi tsada. Manaja na ganin wata uku ya yi kaɗan ga tsakiyar damina, lokacin da kaya ke ƙaranci kuma hanyoyin fadama ke yankewa. Alhaji na ganin kuɗin da ke kwance a sito kuɗi ne da ba ya juyawa. Ba su daidaita ba tukuna.

Na'urar busarwa mai amfani da ɓuntu a matsayin makamashi ita ce za ta cire injin daga hannun rana da raɓa, ɓuntun kuwa ga shi tsibi a bayan katanga, tunda kusan kashi 20 na nauyin shanshera shi ne. An karɓo farashi daga maƙera biyu a cikin birnin Kano. Abin da ake jira shi ne katunan sito na kaka biyu a jere, don a ga tan nawa aka mayar daga bakin ƙofa saboda danshi ya haura kashi 20, a kwatanta ribar da ke cikinsu da kuɗin na'urar da na fankar da za ta riƙa hura ta.